Bangon da Ya Wuce Gwiwa

Garinmu yana ƙasar Sandamu, da rafi a bayansa. Rafin ba ya gudu sai da damina. Idan ruwa ya ɗauke, sai ya zama shimfiɗar farin yashi tun daga gindin wata tsamiya har inda ido ya ƙare. Amma tun muna yara mun san ruwan bai tafi duka ba. Ko a tsakiyar bazara, idan ka durƙusa ka tona da hannu kamu ɗaya ko biyu, za ka ga yashin ya yi duhu, sannan ruwa mai sanyi ya fara taruwa a ramin. A nan mata suke ɗiba, a nan Fulani suke shayar da shanu, rijiyoyin lambunan da ke gaɓa ma daga nan suke sha.

Lambun mahaifinmu yana cikin waɗannan. Mu biyu ya bari, ni da yayana, kuma da ya rasu ba mu raba ba, muka ci gaba da noma shi tare. Lambun kashi biyu ne. Ɓangaren ƙasa, wanda ya jingina da rafi, shi ke da rijiya da jigo, a nan muke yin albasa da tattasai da ɗan latas. Ɓangaren sama tudu ne mai burji, babu komai a kansa sai mangwaro huɗu da mahaifinmu ya dasa, muka raine su da ruwan tulu muna yara. Zurfin rijiyar gaba uku ne. Ban taɓa ganin ƙasanta ba sai da na yi aure na haifi 'ya'ya uku.

Wajen shekarun da aka kawo shari'a jiharmu gini ya tashi a Daura. Masallatai, makarantun Islamiyya, shaguna a bakin titi, gidajen 'yan kasuwa, kowa ya bar tubali ya koma bulo. Bulo kuwa yashi yake ci. Tifa ta fara shigowa garinmu sau ɗaya a mako, sai kullum, sai ya zama wata na fita wata na shiga. Mai gari bai hana ba, don babu wanda ya ɗauka yashi abu ne mai ƙarewa. Cewa muke damina za ta kawo wani.

Ni ma na ɗauki shebur na shiga lodi. Ban ruwan lambu da sassafe ne da yamma, tsakiyar rana kuwa hannuna a sake yake, ga iyali suna ƙaruwa. Mu shida muke cika mota, uku a kowane gefe, ana jefawa bi da bi kada shebur ya haɗu da shebur a sama. A wannan aikin na san yashi kamar yadda mai awo ya san hatsi. Akwai mai kaifi, mai manyan ƙwayoyi, wanda masu buga bulo ke so. Akwai mai laushi na filasta. Akwai kuma wanda laka ta gauraya da shi, wanda idan ka loda direba zai sa ka sauke. Gwajin ba wuya. Ka jiƙa shi ka damƙa a hannu. Idan ka buɗe hannu ya warwatse, yashi ne. Idan ya tsaya curi kamar dawo, laka ce. Har ta kai direbobi ba sa ajiye mota sai sun tambaye ni inda za a ɗiba, yayana kuma ya laƙaba mini Sarkin Yashi. Da farko wasa ne.

Damina tana kawo yashi, gaskiya ne, amma ba ta kawo kwatan abin da muke kwasa. Shekara bakwai na yi a wannan aiki. Muka cinye na sama, muka bi na ƙasa, muka shiga tsakuwar da ke ƙarƙashinsa, ita ma akwai masu sonta don kankare. A ƙarshe, ƙasa da lambunmu kaɗan, wani falalen dutse ya bayyana, ya ratsa rafin daga gaɓa zuwa gaɓa. Tsofaffi suka zo kallo, don ba su taɓa sanin yana nan ba. Daga wannan shekarar ruwan damina ya daina zama. Ya zo da ƙarfi, ya wuce a kan dutse da jar ƙasa, bayan kwana biyu rafin ya bushe.

Rijiyarmu ta fara ja da baya. Muka ƙara wa jigo igiya, muka sake ƙarawa, har ya daina kaiwa, muka koma ja da hannu. Muka kira masu yasa, suka ɗan ƙara mata zurfi, suka tarar da dutse. Shekarar da ta biyo, albasa tana fara yin kai ruwa ya ƙare. Muna kallonta ta kwanta. Matan gari kuma suka koma tafiya famfon tuƙa-tuƙa na ƙauyen gaba.

Ranar da muka tumɓuke albasar da ta mutu, yayana ya zauna a gindin mangwaro ya kira ni. Ya girme ni da shekara goma, iyalinsa sun ninka nawa.

"Wani mai tifa ya zo mini," ya ce. "Burjin tudun nan yake so, na cikon hanya. Ya ce idan muna so ma ya sayi lambun duka."

Na ce, "Yaya, lambun Baba ne."

"Na fi ka sanin na waye. Lokacin da yake da ruwa lambu ne. Yanzu fili ne."

Na roƙe shi ya jinkirta. Ya karce ƙasa da tsinke, sannan ya ce damina biyu. Idan bayan damina biyu rijiyar ba ta kai albasa ga girbi ba, za a raba gado, kowa ya yi yadda ya ga dama da nasa.

"Kafin nan kuma," ya ce, "Sarkin Yashi ya ajiye sheburinsa, ko ya rage mana yashin taimama."

Tun ranar ban sake loda wa kowa ba.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Masu lambu suka kai kuka wajen mai gari, shi kuma ya nemo wani malamin gona, ɗan siririn mutum mai babur, wanda ya taɓa ganin irin wannan gyara a wani wuri. Ya yini yana bin rafin a ƙafa. Da ya iso falalen dutsen nan ya tsaya, ya bubbuga shi da dunduniya, ya ce abin da muka tono da ɓarna shi ne zai taimake mu. Bayan la'asar aka taru a ƙofar mai gari.

Ya ce yashin rafi randa ce. Ruwan damina yana shiga tsakanin ƙwayoyinsa ya ɓuya, rana ba ta ganinsa, daga nan yake tsattsafowa cikin rijiyoyi a hankali har rani ya fita. Mun fasa randar, sai mu sake ginin wata. Za a yi bango na dutse da siminti a kan falalen, ya tare rafin. Ba ruwa ake so ya tare ba, yashi ake so. Idan yashi ya taru a bayansa, ruwa zai sami wurin zama.

"Amma ku ji wannan da kyau," ya ce. "Bana kada bangon ya wuce gwiwa. Sai yashi ya cika ya yi daidai da bakinsa, sannan baɗi a ƙara kamu ɗaya. Haka za a riƙa yi har shekara uku ko huɗu."

Wani dattijo ya ce, "Malam, bangon gwiwa ai ko akuya ta tsallake."

"Ta tsallake, Baba. Ruwan ma so nake ya tsallake."

Ya bayyana mana cewa idan ruwa ya taho da ƙarfi, yashi mai nauyi a ƙasa yake tafiya, laka kuma a sama. Gajeren bango zai kama yashin ya bar lakar ta wuce ta kansa. Dogon bango kuwa zai tsayar da ruwan duka, lakar ta sami lokacin kwanciya, ita kuma laka ba ta ba rijiya ruwa. Ya tambaya ko akwai wanda ya san yashi a cikinmu. Jama'a suka yi dariya suka nuna ni. Na sunkuyar da kai, amma maganarsa ta shige ni, don abin da hannuna ya sani ne ya faɗa da baki. A zaman ne mai gari ya hana ɗiban yashi daga tsamiya zuwa falalen dutse.

Wani ɗan garinmu da ke kasuwanci a Kano ya ji labari, ya aiko da siminti a mota, wanda zai isa aikin shekarun gaba ɗaya. Allah ya saka masa, alheri ya yi niyya. Aka jibge a zauren mai gari. Muka yi mako biyu muna fasa dutse muna kawowa a amalanken shanu, sannan aka sa ranar gayya.

Gayya a wajenmu tana da ƙa'idarta. Ana fara ta da safe, ba a tashi sai la'asar, kuma ba a barin kayan aiki a zube a ce an gama. Wanda ya kira gayya aka tashi da rana tsaka, ko dai abincinsa bai isa ba, ko mutane ba su ɗauke shi da daraja ba. Mata sun kwana biyu suna surfe da daka. An yanka awaki. An gayyato samarin ƙauyuka uku, makaɗin garinmu ya zo da gangarsa. Malamin gona ya ce zai zo, amma da safen aka aiko cewa an yi masa rasuwa ya tafi Dutsi.

Hannu ya yi yawa. Kafin hantsi ya yi zafi bangon ya kai gwiwa daga gaɓa zuwa gaɓa. Maginin da ke jagorantar aikin ya miƙe ya goge cokalinsa ya dubi mai gari. Ko fura ba a kawo ba tukuna, siminti kuma yana nan tuli.

Makaɗin ya rage kiɗa, ya zagayo, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan bangon.

"Ranka ya daɗe, dakali muka zo ginawa? Da an faɗa mini da na taho da tabarma."

Samarin baƙi suka kwashe da dariya. Ɗayansu ya ce idan sun koma gida za su ba da labari an tara ƙauye uku an yi wa kwaɗi wurin shan hantsi. Maginin ya ce shi siminti ne ya dame shi. Idan ya kwana damina a zaure danshi zai mai da shi dutse, kuma da wane ido za a kalli wanda ya aiko?

Na matsa kusa da maginin na ce a hankali, "Malamin nan fa gwiwa ya ce. Idan ya yi tsawo laka za mu tara."

Ban san yayana yana bayana ba. Ya sauke dutsen da ke kansa, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Shekara bakwai kana kwashe rafin nan ba ka gaji ba. Yau da aka zo gyara, tun hantsi ka gaji?"

Aka yi dariya, har da mai gari. Ba na jin yayana ya yi don ya ci mutuncina. Shi ma so yake ruwa ya dawo da wuri, kuma a ganinsa babban bango shi zai kawo babban ruwa. Duk wanda ke wurin yana iya cewa a tsaya, ban da ni. Mai gari ya ce a ci gaba, in malamin ya zo ya ga mun yi fiye da abin da ya nema. Makaɗi ya saki ganga. Na koma na ɗauki dutse kamar kowa, kuma ban yi ha'inci ba. Da la'asar bangon ya kai ƙirjina. Aka ci tuwo, liman ya yi addu'a, aka watse ana murna.

Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, tafki ya kwanta a bayan bangon, har ya taɓo shingen lambunmu. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga ƙauyuka. Yayana ya tsaya a gaɓa yana murmushi, ya ce mini, "To, ga gwiwarka nan." Ni ma a raina na so a ce ni ne na yi kuskure.

Malamin gona ya zo a tsakiyar damina. Ya kafe babur, ya dubi bangon, ya dubi jan ruwan da ke kwance ba motsi. Ya tambaya wa ya ce a kai shi nan. Aka ce gayya ce. Ya gyaɗa kai, ya ce to, mu jira rani.

Da kaka ta wuce ruwan ya fara ja, rana da iska suna sha. Kafin sanyi ya fita tafkin ya ƙafe, ya bar laka mai kauri ta tsattsage kamar fasasshiyar tukunya. Na shiga da diga na tona har ƙugu. Laka ce har ƙasa, sai ɗan yashi kaɗan a can gindi. Rijiyarmu ta yi ruwa da damina kamar kowace rijiya, ta kuma ƙafe daidai lokacin da ta ƙafe bara. Damina ɗaya cikin biyun da yayana ya ba ni ta tafi.

Maganin a bayyane yake, faɗarsa ce ke da nauyi. Sai an fasa tsakiyar bangon an dawo da shi gwiwa, an kwashe lakar. A garinmu kuwa ba a taɓa rushe abin da gayya ta gina ba. Gumin ƙauye uku ne, da simintin mutum, da addu'ar liman. Na yi kwanaki ina juya abin. Matata ce ta ce, "Malam, kai ba ka iya gardama ba. Ka kai musu abin su gani da idonsu, ka yi shiru."

Na sami tsofaffin ƙore biyu na huda gindin kowace. Na cika ɗaya da lakar bayan bango, ɗaya da yashi mai kaifi da na ɗebo can sama da tsamiya. Bayan azahar na kai su zauren mai gari, dattawa suna zaune. Na ɗora kowace ƙwarya a kan kwano, na zuba musu ruwa moɗa ɗai-ɗai. Na yashin ya nutse nan take, jim kaɗan ya fara ɗiga a kwano, garau. Na lakar ya tsaya a sama. Aka yi hira, aka ci goro, aka kira la'asar, muka je muka dawo, yana nan a sama, kwanon da ke ƙarƙashinsa a bushe.

Mai gari ya leƙa busasshen kwanon ya ce, "Wato wannan ita ce rijiyarku."

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Me ya hana ka faɗa ranar gayya?"

"Na faɗa, ranka ya daɗe. A hankali na faɗa."

Ya yi ɗan murmushi. Ya ce ba zai ba da umarnin fasawa ba sai mai simintin ya sani. Aka hau tudu inda waya ke kamawa aka kira shi. Mutumin ya ce shi ruwa ya aiko a nema, ba bango ba, a fasa.

Gayya dai ba a kira ba. Da aka taɓa wa makaɗi maganar ya ce gangarsa ba ta san kiɗan rushewa ba. Mu biyar muka yi aikin, ni da maginin da masu lambu uku. Malamin gona ya dawo ya zana mana layi da gawayi, faɗin gaba huɗu a tsakiya, ya ce gefe da gefe a bar su da tsawonsu, za su kare gaɓa. Da guduma da diga muka bi shi, dutse bayan dutse. Abin da aka gina a yini ɗaya ya ci mana mako uku. Masu wucewa suna tsayawa su ce sannunku da ɓarna. Lakar kuwa mun yi sa'a da ita. Gonakinmu jigawa ne, da manoma suka gane tana gyara ƙasa sai suka riƙa zuwa da amalanke suna kwasa da kansu. Yayana bai zo fasa bango ba, amma ya kwashi laka da yawa, kuma duk zuwan da zai yi sai ya tsaya ya duba inda muka kai.

Damina ta biyu ruwa ya zo ya haye bangon yana ƙara, ja wur, ya wuce. Mutane suka ce ga shi nan, mun buɗe wa ruwa ƙofa. Amma duk ruwan da aka yi, washegari ina zuwa in tarar yashi ya ƙaru a bayan bango. Kafin a yanke gero ya cika daidai baki, ya miƙe baya har kusa da shingenmu. Na damƙa, ya warwatse. Na tona da hannu, ruwa ya taru.

Muka dasa albasa, rabin abin da muka saba. Rijiyar ta riƙe ruwa har ta wuce bara da wata biyu, sannan ta fara ja, don yashin da bai wuce gwiwa ba abin da zai ɗauka kaɗan ne. Muka riƙa raba ruwan, fangalin nan yau, wancan gobe. Saura kamar mako uku albasa ta ƙosa, guga ya fara taɓo ƙasa. Muka cire ta ƙanana, ba ta kai ta ajiya ba.

Yayana ya bari sai da muka gama cirewa. Ya ce, "Na ga abin yana tafiya, ba na musu. Amma damina biyu na ce, kuma iyalina ba za su jira baɗi kafin su ci ba."

Na ce da an bar bangon a gwiwa tun farko, da bana mun kai. Ban faɗa don in tuna masa ba, fita maganar ta yi. Ya ce ya sani.

Ba mu je kotu ba. Liman da mai gari da dattawa biyu suka zo da igiya suka auna. Tudun ya fi faɗi, ga mai saye a tsaye. Ɓangaren ƙasa ƙarami ne, amma da rijiya. Suka kimanta suka ce sun yi daidai, aka ba yayana zaɓi don shi ne babba. Ya ɗauki tudun, ya sayar wa mai tifar burjinsa. Kafin watan ya ƙare aka sare mangwaron huɗu. Ranar na tafi kasuwar Mashi ba don ina da abin saye ba. Da na dawo na tarar matar yayana ta aiko mana da itacen girki daga ciki. Matata ta rasa yadda za ta yi da shi, ta jingine shi a bayan ɗaki.

A shekarar muka ƙara kamu ɗaya a kan bangon, mu biyar ɗin nan, da ɗan simintin da masu lambu suka haɗa. Ya cika. Shekara ta gaba muka ƙara wani. Kowane ƙari aikin safiya ɗaya ne, ba ganga, ba yanka, sai furar da matanmu ke kawowa. Akwai shekarar da ruwa ya yi ƙaranci yashin bai cika ba. Maginin ya zo da cokalinsa, na ce a bari sai baɗi, ya koma da shi ba gardama. A tsakanin nan ne na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi a firamare bayan la'asar, na kuma fara rubuta tsawon bangon kowace shekara a bayan littafina.

Tifofin sun koma ƙasa da mu, wajen wani ƙauye, ina jin ƙararsu da safe. Tudun yayana yanzu rami ne. Na yi shingen ƙaya tsakaninmu saboda yara.

Damina ta huɗu bayan fasa bangon, rijiyar ta kai albasa ga girbi, ruwa kuma ya yi saura har bazara. Na mai da jigo. Da kakar da ta biyo ina gyara fangali sai yayana ya shigo ta ƙofar shinge. Ya daɗe bai tako wurin ba. Ya leƙa rijiya, ya ja jigon sau ɗaya, ya juye ruwan a magudana. Ya ɗan tsaya yana duban ramin da ke bayan ƙaya. Sannan ya ce yana da irin albasa da ya yafa a bayan gida, ya yi kyau, ya rasa inda zai dasa.

Na ce, "Yaya, layin nan na gabas ban sa komai ba."

"Aro," ya ce.

"Aro."

"Fangali nawa ne?"

Na ce shida. Ya ce huɗu sun ishe shi. Na ce to ban ruwan safe nasa ne, na yamma nawa. Ya ce yanzu bayansa ba ya son sanyin safe, mu musanya. Washegari bayan la'asar ya zo da irin a cikin kwando, muka dasa shidan duka.